Tarihin Neman Tarin Fuka Cikin Ɗigon Jini

Tarin fuka, wanda ma'aikatan asibiti ke kira tibi, yana cikin cututtukan da suka fi daɗewa tare da ɗan Adam. Masu tonon kufai sun ga alamarsa a ƙashin bayan waɗansu gawawwakin mutanen Masar na dā, waɗanda aka binne shekara fiye da 3,000 da suka wuce. Maganinsa kuwa bai samu ba sai jiya jiya, gama a 1944 aka fara yi wa mai tarin fuka allurar sitireftomaisin, a 1952 kuma aka sami maganin nan aisoniyazid. Yau wanda aka gane cutarsa da wuri, ya kuma sha magani wata 6 ba fashi, galibi yakan warke sarai. Amma duk da haka, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum wajen miliyan 10.8 suka kamu da cutar a 2023, wajen miliyan 1.25 suka mutu. Cikin waɗanda suka kamu ɗin nan, miliyan 8.2 kaɗai aka gano aka sa cikin lissafin asibiti. Sauran suna can cikin gari suna tari, su da iyalinsu a ɗaki guda.

To, nan gizo ke saƙar, domin magani ba shi da amfani sai an san wanda za a ba. Shi ya sa tun fiye da shekara 120 likitoci ke da wani buri guda, watau a soki yatsan mutum, a ɗebi ɗigon jini, kafin ya tashi daga kan benci a gaya masa ko yana da tarin fuka ko ba shi da shi. An sami irin wannan gwaji ga zazzaɓin cizon sauro, an samu ga ƙanjamau. Ga tarin fuka kuwa, sau da yawa an zaci an kama, sai a buɗe hannu a ga ba kome. Labarin wannan nema za mu bi a nan, mu ga abin da ya sa jini ya ke da wuyar tambaya a kan wannan cuta.

Yadda aka fara ganin ƙwayar cutar

Ran 24 ga watan Maris, 1882, wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ya tsaya gaban taron masana a birnin Balin, ya nuna musu abin da ke kawo tarin fuka. A zamanin nan, cikin mutum 7 da suka mutu a Turai, wajen 1 tarin fuka ne ya kashe shi, kuma mutane da yawa sun ɗauka cutar gado ce. Koch ya nuna wata 'yar ƙwaya siririya, mai kama da guntun tsinke, wadda ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Ya raba ta da jikin marar lafiya, ya rene ta cikin kwalba, ya sa wa dabbobi, suka kamu da cutar. Saboda wannan ne duk shekara a ke tunawa da tarin fuka ran 24 ga Maris.

Ƙwayar nan tana da riga mai kauri, mai maiƙo kamar danƙon zuma, wadda rini ba ya kamawa da sauƙi, in kuwa ya kama ba ya saki. Paul Ehrlich, sa'an nan Franz Ziehl da Friedrich Neelsen, suka mai da wannan hali ya zama hanyar gane ta, a 1882 da 1883. Akan shafa kakin da mai tari ya tofar a kan ɗan gilashi, a zuba jan rini a ɗumama, a wanke da ruwan asid. Kome zai saki jan sai ita. Sa'an nan a zuba shuɗi, a duba a madubi, sai a ga jajayen tsinkaye a kan shuɗin fili. Har yau ana wannan aiki a ƙananan asibitoci da yawa.

Dabarar tana da arha, tana da sauri, amma idonta ba kaifi. Sai ƙwayoyi sun kai kamar 5,000 zuwa 10,000 cikin kakin da bai fi ɗigo 20 ba kafin mai dubawa ya gan su, don haka wajen rabin masu cutar kan kuɓuce masa. Yara ƙanana ba su iya tofar da kaki, haɗiyewa su ke yi. Wanda cutar ta kama shi a ƙashin baya, ko kaluluwar wuya, ko rigar ƙwaƙwalwa, ba abin da zai fito a kakinsa. In an ce a rene ƙwayar cikin kwalba har ta yi yawa, sai a gamu da nawarta. Waɗansu ƙwayoyin hanji kan rabu biyu cikin minti 20, ita kuwa sai ta yi awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu sau ɗaya, saboda haka akan jira mako 3 har zuwa 8. Hoton ƙirji, wanda ya samo asali daga hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, inuwa kawai ya ke nunawa a huhu, ba ya faɗin abin da ya kawo inuwar.

Maganin da ya koma ma'auni

A watan Agusta, 1890, Koch ya sake tsayawa gaban babban taron likitocin duniya a Balin, ya ba da labarin wani ruwa da ya haɗa, wanda ya ce yana tsai da cutar. Ruwan nan, wanda aka sa wa suna tubakulin, daga ƙwayoyin da aka rena aka dafa aka tace ya fito. Marasa lafiya suka yi ta kwarara Balin daga ko'ina cikin Turai. Kafin shekara ta kewayo ta bayyana ba ya warkarwa, waɗansu ma allurar ta tayar musu da cutar suka mutu, sunan Koch ya zube ƙwarai na ɗan lokaci.

Amma an lura da wani abu. Wanda ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa, in aka yi masa allurar tubakulin, sai jikinsa ya yi zafi, wurin ya kumbura. Wanda ba ta taɓa shiga ba, ko gezau. A 1907 wani likitan yara a birnin Biyana, Clemens von Pirquet, ya riƙa ɗiga ruwan a hannun yaro yana ɗan karce fatar. A 1908 Charles Mantoux, mutumin Faransa, ya gyara dabarar, ya riƙa sa ɗan kaɗan da allura cikin fatar kanta, bayan awa 48 zuwa 72 a auna faɗin kumburin. Tubakulin na farko gauraye ya ke da datti iri iri, na wannan ma'aikata dabam da na waccan, sai a 1934 wata masaniya Ba'amurkiya, Florence Seibert, ta tace shi a birnin Filadelfiya. Wanda ta haɗa shi ya zama mizanin Amurka a 1941, ya zama na duniya a 1952.

Da aka yi ta gwada jama'a da wannan allura, sai wani abin mamaki ya fito fili. A biranen Turai na lokacin, yawancin manya hannunsu na kumbura, alhali suna tafiya garau. Dalili kuwa shi ne, in ƙwayar ta shiga huhu, jiki kan kewaye ta da ganuwa ya tsare ta, ta zauna shiru shekara da shekaru. An kimanta cewa kamar mutum 1 cikin 4 a duniya ƙwayar ta taɓa shigarsa, amma cikin 100 na irin waɗannan, 5 zuwa 10 kaɗai ke kwantawa ciwo duk tsawon ransu. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, gama shi ne tushen dukan wahalar da za ta biyo baya. Kumburin fata kamar sawun kura ne a bayan gari. Sawu na nuna kura ta taɓa wucewa, amma ba ya faɗin ko tana cikin garke a daren nan. Ga shi kuma a 1921 aka fara lambar rigakafin nan ta BCG, wadda Albert Calmette da Camille Guérin suka haɗa a Faransa, ita ma takan sa hannun yaro ya kumbura ko da ƙwayar ba ta taɓa shigarsa ba.

An fara tambayar jini

Ana cikin wannan, sai ga wata hanya ta buɗe. In ƙwayar cuta ta shiga jiki, jini kan ƙera waɗansu makamai na musamman dominta, masu manne mata kamar ƙarangiya, su ne likitoci ke kira antibodi. A 1896 Fernand Widal, likita a birnin Faris, ya nuna in an gauraya ruwan jinin mai zazzaɓin taifot da ƙwayoyin taifot, sai su dunƙule wuri ɗaya. Shekara 2 bayan haka, a 1898, Saturnin Arloing da Paul Courmont a birnin Liyon suka gwada haka ga tarin fuka. Jinin waɗansu masu cutar ya dunƙule ƙwayoyin, na waɗansu ya ƙi, na waɗansu masu lafiya kuma ya dunƙule su. A 1906 August von Wassermann ya fito da gwajin jini na tunjere, wanda ya karɓu a duniya duka, buri ya sake tashi. A 1948 Gardner Middlebrook da René Dubos a birnin Niyok suka shafe jajayen ƙwayoyin jinin tumaki da ruwan ƙwayar tarin fuka, suna duba ko jinin marar lafiya zai tattara su. Bayan 1971, da aka ƙago wata dabara a Suwidin mai sa ruwan gwaji ya sake launi in akwai antibodi, nan da nan aka ɗauko ta aka gwada. Kowane ƙarni da sabon kayan aikinsa, amma amsar ba ta sake ba.

Me ya sa abin da ya yi wa tunjere da ƙanjamau ya ƙi yi wa tarin fuka? Da fari dai, ƙwayar nan ba ta yawo cikin jini a fili. Akwai waɗansu fararen ƙwayoyin jini da aikinsu haɗiye baƙi, to, cikin cikinsu ta ke ɓuya ta yi gida, saboda haka yawancin yaƙin da jiki ke yi da ita da dakaru a ke yinsa, makaman nan kaɗan ne aikinsu. Sa'an nan makaman da jikin wani ya ƙera ba su ne na wani ba. Wannan ya ƙera don wani sashe na ƙwayar, wancan don wani sashe dabam, wani ma bai ƙera abin kirki ba, balle wanda ƙanjamau ya raunana. Har ila yau ƙwayar tana da dangi barkatai cikin ƙasa da ruwa, waɗanda ba su cika cutarwa ba, jini kuwa kan ƙera musu makamai masu kama da nata, ga shi kama da wane ba ta wane. Bayan duk wannan ga matsalar sawun kura, watau wanda cutar ke barci a jikinsa, da wanda ya warke tuntuni, da wanda ta ke ci yanzu, duka ana iya samun makaman a jininsu.

Abin da aka koya daga shanu

Ci gaba na gaske ya zo ta inda ba a zata ba. Shanu ma suna da tarin fukansu, wanda kan kama mutum ta hanyar madarar da ba a tafasa ba. A 1970 ƙasar Ostareliya ta ɗaura yaƙin kawar da shi. Gwajin fata a ke yi wa shanun, watau a tattaro garke a yi allura, bayan kwana 3 a sake tattarowa a duba. A arewacin ƙasar kuwa, inda makiyaya guda kan kai faɗin wata gunduma, tattaro shanu sau 2 ba ƙaramin aiki ba ne. Wajen ƙarshen shekarun 1980 wani masani mai suna Paul Wood da abokan aikinsa, a ma'aikatar binciken kimiyya ta gwamnatin ƙasar, suka ce bari a mai da gwajin fata cikin kwalba. Akan ɗebi jinin saniya, a zuba masa tubakulin, a aje shi da ɗumi ya kwana. In dakarun jinin sun taɓa gamuwa da ƙwayar, sai su yi kuwwa, watau su fitar da wani sinadari da a ke kira intafiron gama, shi ne a ke aunawa. An yarda da wannan gwaji ga shanu a 1991, a ƙarshen 1997 kuma aka ba da shelar cewa Ostareliya ta rabu da tarin fukan shanu.

Daga shanu aka kai ga mutane. A 2001 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda da gwajin QuantiFERON, wanda wani kamfani na birnin Melbon ya yi. Saura a raba tsakanin mai lamba da wanda ƙwayar ta shiga, wannan kuwa tarihin BCG ne ya warware shi. Calmette da Guérin sun shekara 13 suna renon ƙwayar tarin shanu a kan dankali da ruwan matsarmamar sa, suna sake mata wuri har sau 230, kafin ta yi laushi ta daina cutarwa. A 1996 aka gano cewa cikin wannan doguwar tafiya wani yanki na ƙwayoyin gadonta ya ɓace. A yankin nan ne a ke ƙera waɗansu sinadarai biyu, ESAT-6, wanda Peter Andersen da mutanensa suka gano a Kofanhegan ta ƙasar Danmak a 1995, da ɗan'uwansa CFP-10. Ƙwayar tarin fuka na da su, BCG ba ta da su. Da aka sa su a maimakon tubakulin, lamba ta daina ruɗa gwaji. A kan wannan aka gina sabon QuantiFERON na 2005, da T-SPOT.TB na Ingila, wanda Amurka ta karɓa a 2008.

Wannan nasara ce babba. Ɗiban jini sau ɗaya ya isa, ba sai mutum ya komo ba, kuma bayan awa 16 zuwa 24 a ɗakin gwaji sai a sami amsa. Amma fa tambayar da ya ke amsawa ita ce dai ta Pirquet, watau ko ƙwayar ta taɓa shiga. Ya fi tsohon gwaji iya karanta sawu, kura kuwa bai gan ta ba. Don haka a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su yi aiki da shi wajen gane wanda cutar ke ci. Amfaninsa shi ne a gano mai ɗauke da ƙwaya tana barci, a ba shi maganin rigakafi.

Lokacin da sauri ya haifi nawa

'Yan kasuwa ba su jira masana sun gama ba. Tun daga shekarun 1990 aka cika kasuwannin Asiya da Afirka da 'yan kwalaye na gwajin antibodi, a ɗiga jini, bayan minti kaɗan layi ya fito. Yawancinsu a Turai da Amurka ta Arewa a ke yinsu, inda hukumomi ba su yarda a gwada mutanensu da su ba. Mai ɗakin gwaji na so don akwai riba, likita na so don akwai sauri, marar lafiya na so don yana ganin jini ya fi kaki daraja. An kimanta cewa a Indiya kaɗai akan yi irin wannan gwaji wajen miliyan 1.5 a shekara, kuɗinsa ya kai dala miliyan 15, daga aljihun marasa lafiya.

A 2008 wani sashen bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tattara iri 19 na kwalayen nan, ya gwada su da jinin mutanen da an riga an tabbatar da halinsu. Wanda ya fi kyau a cikinsu ya gano masu cutar wajen 60 cikin 100, na ƙarshe kuwa 1 cikin 100. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. In masu tarin fuka 100 suka zo, aka gwada su da mafi kyawun kwalin, 40 za a sallama a ce lafiyarsu lau, su koma gida suna yaɗa cutar har ta ci ƙarfinsu. A ɗaya gefen kuma ga wanda ba shi da ita aka ce yana da ita. Zai sha magani wata 6, iri 4 a wata 2 na farko, magani mai iya taɓa hanta, dangi su ware masa ƙwarya, ainihin abin da ke damunsa kuwa yana nan yana ci ba a kula ba.

Ran 20 ga watan Yuli, 2011, bayan an bi sakamakon bincike 94, Hukumar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a kan tarin fuka, watau ta fito fili ta ce a daina aiki da wani abin da ya riga ya bazu. A watan Yuni, 2012, gwamnatin Indiya ta hana ƙera kwalayen, da shigo da su, da sayar da su. Shekara 113 ke nan daga gwajin Arloing zuwa wannan hukunci.

Saurin da a ke nema ya samu kuwa, amma ta wata ƙofa. A watan Disamba, 2010, Hukumar ta yarda da gwajin Xpert MTB/RIF, na'urar da ke neman rubutun gadon ƙwayar kanta cikin kaki, ta ba da amsa kafin awa 2, har ta faɗi ko ƙwayar ta fi ƙarfin maganin rifamfisin. A babban gwajin da aka yi mata a Peru, da Azarbaijan, da Afirka ta Kudu, da Indiya, ta gano wajen 7 cikin 10 na waɗanda madubi ya kasa gani. A 2015 kuma aka yarda da wani ɗan tsinken gwajin fitsari, mai ba da amsa cikin minti 25, ga masu ƙanjamau da ciwo ya kayar. Duka biyu kurar su ke nema, shi ya sa suka ci nasara. Sai dai har yanzu yaro ba ya tofar da kaki, na'ura kuwa tana son lantarki da ɗaki mai sanyi.

Sauraron jini ta sabuwar hanya

Saboda haka masana suka komo ga jini, amma da wata tambaya dabam. A da ana tambayarsa wa ya taɓa gani, yanzu ana tambayarsa da wa ya ke faɗa a yau. Kowace ƙwayar jini tana ɗauke da dubban ƙwayoyin gado, waɗansu a kunne waɗansu a kashe, bisa ga halin da jiki ke ciki. A 2010 Anne O'Garra da abokan aikinta a Landan suka nuna cewa akwai 393 da ke sake hali a jinin wanda tarin fuka ke ci, in ya sha magani kuma alamar ta dushe. A 2016 masu bincike a Afirka ta Kudu, waɗanda suka bi matasa 6,363 har shekara 2 suna ɗibar jininsu, suka sami 16 da ke tashi tun kafin mutum ya fara tari. Da su aka iya nuna wajen 2 cikin 3 na waɗanda za su kwanta cikin shekara guda. A shekarar nan dai Purvesh Khatri da mutanensa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka rage adadin ya koma 3 tak.

Tun a 2014 Hukumar ta aje mizani ga duk gwajin da za a tace jama'a da shi. Lalle ya gano 90 cikin 100 na masu cutar, ya kuma wanke 70 cikin 100 na marasa ita. Kamfanin Cepheid ya sa ƙwayoyin gadon nan 3 cikin na'urarsa, a soki yatsa, kafin awa guda a sami amsa. Gwajin farko a Afirka ta Kudu, da Gambiya, da Yuganda, da Biyetnam, wanda aka buga a 2022, ya gano 87 cikin 100, ya wanke 94. Amma da aka faɗaɗa shi ga jama'a mai yawa, sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna in an matsa masa ya gano 90, waɗanda zai wanke ba su kai 70 ɗin ba. Wani dalili shi ne mura da danginta ma kan sa jini ya yi irin wannan kuwwa. A 2021 Hukumar ta yarda a riƙa tace masu ƙanjamau da wani tsohon gwajin jinin yatsa mai suna CRP, wanda ke nuna jiki na cikin faɗa, amma duk wanda ya nuna sai an tabbatar da kakinsa. Waɗansu masana kuma, kamar Tony Hu na Jami'ar Tulane, suna neman ɓurɓushin ƙwayar kanta da ke faɗawa cikin jini. Har zuwa 2024 dai babu gwajin jini ko ɗaya da Hukumar ta yarda a ɗora wa mutum maganin ciwon a kansa shi kaɗai.

Kun ga ke nan abin da shekarun nan suka koyar. Jini ba ya mantuwa, wannan hali nasa kuwa shi ya sa ya zama mugun mashaidi a kan cutar da kwata na mutanen duniya suka taɓa gamuwa da ita. Duk lokacin da aka ci gaba, sai da aka fara tantance tambayar da gwaji ke amsawa, duk lokacin da aka yi ɓarna kuwa, an sayar da amsar wata tambaya ne da sunan wata. Bambancin 1890 da yau shi ne, yanzu akwai mizani a rubuce, sabon gwaji sai ya haye shi a ƙasashen da cutar ta ke kafin a sake shi ga jama'a.

Maganar ta shafe mu, gama Nijeriya na cikin ƙasashe 8 da suka ɗauki kashi 2 cikin 3 na masu tarin fuka na duniya a 2023. Wanda ya yi tari mako 2 bai tsaya ba, balle in da zazzaɓin yamma, da gumin dare, da rama, to, ya tafi asibitin gwamnati a gwada kakinsa, gwajin da maganin duka kyauta ne. In wani ya miƙo masa ɗan kwali ya ce da ɗigon jini zai faɗa masa nan take ko yana da tarin fuka, ya riƙe kuɗinsa. Mai yiwuwa ne ranar wannan gwaji ta zo, gama an fi kusa da ita yanzu bisa ga kowane lokaci, amma kafin ta zo, sannu ba ta hana zuwa.